Hamza ya cinye littafin aji uku: ina zai ci gaba da koyon kimiyya?

Maman Hamza, Makka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara na zo nema. Hamza shekararsa takwas, yana aji uku na ibtida'i, wato firamare. Littafin ulum, wato kimiyya, da aka raba musu farkon shekara, ko wata bai yi ba ya karance shi tas, yanzu na yayarsa ta aji shida yake ɗauka in ta ajiye. Malaminsu ya ce a aji zane yake yi a gefen littafi, in an yi tambaya ya ɗaga kai ya amsa, ya koma kan zanensa. A gida kuwa tambaya ba ta ƙarewa. Daren jiya ya tsare ni wai daga ina ruwan da ke ɗiga a bayan mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yake fitowa, alhali ba wanda ya zuba masa ruwa. Wallahi na rasa amsa, ni karatuna bai kai nan ba. Ina neman wuri a intanet da zai riƙa koyon kimiyya da kansa, ta halittu da ta su lantarki da haske, duk lokacin da ya samu sarari. Bayan la'asar yana tahfiz, don haka ajin da za a ce sai ƙarfe kaza ba zai yi mana ba.

Abu Usama, Jidda:
Wa alaikumus salam. Masha Allah, Allah Ya raya shi. Bari na fara biyan bashin mukayyif. Iskar da ke cikin ɗaki tana ɗauke da ruwa wanda ido ba ya gani. In ta bi ta kan bututun nan masu sanyi na cikin injin, sai ruwan ya taru ya zama ɗigo, kamar raɓa a kan mota da asuba. Amma kada ki faɗa masa haka kai tsaye. Ki zuba ƙanƙara a kofin tangaran, ki goge bayansa ya bushe sarai, ki ajiye a gabansa ki tafi aikinki. Gani ya kori ji.

Wurin koyo kuma, PhET zan ce. Na Jami'ar Kolorado ne a Amurka, wani masanin fiziks mai suna Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2001, shi ya kafa shi a 2002. Kyauta ne a shafinsu, kuma da yawa daga ciki an fassara su da Larabci. Ba kallo yaro yake yi ba, taɓawa yake yi. Akwai wanda zai haɗa batir da waya da ƙwan fitila da yatsansa, in ya haɗa daidai fitila ta kama, in ya yi ganganci batir ɗin ya kama da wuta a allo, ba abin da ya ƙone a gida. Akwai na ƙwayoyin ruwa, yana ƙara zafi yana ganinsu suna tarwatsewa su zama tururi, yana ragewa su taru su daskare. Usama ya fi sati a kan na batir ɗin nan kaɗai.

Maman Hamza:
Na gode Abu Usama. A jawwal, wayar hannu, yana buɗewa?

Abu Usama:
Yana buɗewa, sai dai allon ya yi ƙanƙanta. In akwai tablet ko kwamfuta ya fi.

Ummu Safiyya, Madina:
'Yar uwa, kafin komai ki nemi labarin Mawhiba. Gidauniya ce da aka kafa a nan Saudiyya tun 1999 don irin waɗannan yaran, kuma jarrabawarsu ta tantance masu hazaƙa daga aji uku take farawa, wato Hamza ya kai. Ki je makarantarsu ki tambayi mai kula da harkokin ɗalibai lokacin rajista da sharuɗɗanta na bana, kada ki zauna jiran saƙo. Sannan darussan Ain na ma'aikatar ilimi suna nan a YouTube, aji-aji, da Larabcin da ya saba da shi. Ba wanda zai hana shi buɗe na aji biyar ko na shida. Safiyya da su ta fara.

Baban Tagwaye, Riyad:
Khan Academy fa? Kyauta ne shi ma, tun 2008 yake, babu talla. Yaro yana kallon darasi, ya amsa tambayoyi, sai ya nuna masa inda ya tsaya, gobe ya ɗora daga nan. Uwa ko uba ne ke buɗe wa ƙaramin yaro asusu, kuma kana ganin abin da ya yi. CK-12 ma yana da littattafan kimiyya na kyauta. Mai hali kuma akwai CTY na Jami'ar Johns Hopkins, su tun 1979 aikinsu ke nan, yara masu hazaƙa, amma kuɗin da dala ne kuma ba kaɗan ba.

Ummu Safiyya:
Baban Tagwaye, naka a makarantar Turanci suke, shi ya sa. Yaron da yake karatu da Larabci, a gida a yi masa Hausa, ka ajiye masa Bature yana zuba kamar famfo, minti biyar zai rufe. Kuma kimiyyar Khan ɗin ta 'yan mutawassiɗ ce, wato ƙaramar sakandare, zuwa sama.

Baban Tagwaye:
Gaskiyarki a kan Turancin, ban yi tunanin wannan ba. Amma batun aji, ai yaron da ke karanta littafin aji shida ya kusa kai wa can.

Maman Ikram, Jidda:
Ni gargaɗi zan yi. Bara na ga tallar wani shiri, wai na yara haziƙai, da hotunan yara sanye da farar riga ta ɗakin gwaji. Na biya kuɗin shekara guda a dunƙule, kuɗin da na daɗe ina tarawa daga ɗinkin abaya. Da muka shiga, bidiyoyi ne kawai da murya irin ta inji, sai tambayoyi na zaɓi ɗaya cikin huɗu. Ikram ta gano in ta danna ba daidai ba ana sake ba ta dama, sai ta riƙa dannawa har ta dace. Cikin wata biyu ta tara taurari da takardun shaida sun fi goma, ni kuma ina ta murna ina tura wa dangi. Ranar da kawunta ya tambaye ta me ya sa ƙanƙara take yawo a saman ruwa ba ta nutsewa, shiru ta yi, alhali ta "gama" wannan darasin da maki cikakke. Har kuka na yi a ranar, ba don kuɗin ba. Duk abin da ba su ba ki damar gwadawa kyauta ba, kada ki sa riyal ɗinki.

Malam, Riyad:
Allah Ya mayar miki da alheri, Maman Ikram. Abin da kika faɗa shi ne ya sa na ce bari na sa baki, domin shekaru na yi ina koyar da kimiyya, kuma na ga irinsa da yawa. Karatun da yaro ke tafiyar da shi da kansa yana da daɗi ga mai kaifin ƙwaƙwalwa, domin ba ya zaman jiran 'yan aji. Amma nan ne kuma ramin yake. Yaro haziƙi yana saurin haddace kalma, sai ya ɗauka ya fahimci abin. Zai ce miki "takassuf", ya ce "kasafa", manyan kalmomin kimiyya na Larabci, ki ji daɗi, amma ki ba shi lemun zaƙi biyu, ɗaya da ɓawonsa ɗaya a ɓare, ki ce wanne zai nutse a bokiti, sai ya zaɓi mai ɓawo saboda ya fi nauyi. Alhali ɓararren ne ke nutsewa, ɓawon nan cike yake da 'yan ramukan iska, shi ke riƙe ɗayan a sama. Sauri ya haifi nawa.

Maman Hamza, ki saya masa littafin rubutu guda na musamman, mai kauri. Kafin ya taɓa kowane gwaji, na allo ko na kicin, ya rubuta abin da yake zaton zai faru. Bayan ya gwada ya rubuta abin da ya faru, ya zana shi, tunda mai son zane ne. In zatonsa ya saɓa, kada ya goge. Wannan shafin ya fi sauran daraja, ki yaba masa a kansa. Darasi ɗaya a allo, gwaji ɗaya da hannu, sannan ya wuce gaba. Ko sati zai yi a kan abu ɗaya ki ƙyale shi.

Maman Hamza:
Malam, to ni da ban san amsoshin ba, yaya zan gane ya fahimta ko bai fahimta ba?

Malam:
Ki sa ya yi miki bayani da Hausa. In ya iya faɗa miki da Hausar gida, ba tare da ya laɓe a bayan kalmar Larabci ko ta Turanci ba, har ke kika gane, to ya fahimta. In ya fara "ya'ani, ya'ani", ya koma ya sake dubawa. Rashin sanin naki ma riba ce a nan, domin tambayarki ta gaskiya ce.

Hajiya Babba, Makka:
'Ya'yana, ina jinku. Jikata ce ke rubuta min. Mu da muka zo ƙasar nan babu firji a gidanmu, randa muke da ita, ruwanta kuma da sanyi ko a tsakiyar zafin Makka. Ku nemo wa yaron nan tulun ƙasa, a tambaye shi me ya sa.

Abu Usama:
Allah Ya ƙara lafiya Hajiya. Wannan ai darasi ne cikakke. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin tulun, iska tana busar da shi, yana tafiya da zafin. Da wannan hikimar wani malami a Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da ganye, har Rolex ta ba shi lambar yabo a 2000. Yana da kyau yaranmu na nan su san cewa daga gida aka yi wannan.

Anti Zainab, Makka:
Kun cika kan ruwa da lantarki, kun bar halittu. Akwai manhaja mai suna Seek, ta iNaturalist. Yaro zai nuna wa ganye ko ƙwaro kyamara, ta yi ƙoƙarin faɗa masa ko mene ne, kuma ba sai an yi rajista ba. Wani lokaci iyakarta ta faɗi danginsa, ba ta kai ga ainihin sunan ba, sai yaro ya ƙara matsawa ya sake ɗauka. Mun yi a Ɗa'if lokacin hutu, yaran suka manta da neman jawwal don wasa. Sai wake: ƙwaya uku a jiƙaƙƙiyar auduga cikin kofi, kofi ɗaya a taga, wani cikin kabad. Na duhun zai yi tsawo, fari sol, siriri, yana neman haske. In an je Jidda kuma a kai shi gidan kallon kifaye na Fakieh ya ga kifayen Bahar Maliya da idonsa. Abu ɗaya zan ƙara: darasin jikin mutum ki zauna tare da shi, kuma ko wane darasi ne a YouTube kada ki bar shi shi kaɗai, domin daga bidiyon kimiyya zuwa shirme taku ɗaya ne.

Malam:
Ku mutanen Makka kuna da abin da wasu ba su da shi. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba, ranar 27 ko 28 ga Mayu wajen ƙarfe 12:18, da ranar 15 ko 16 ga Yuli wajen ƙarfe 12:27. A wannan lokacin in aka tsayar da kwalba a miƙe a kan soro, inuwarta ɓacewa take yi. Hamza ya fara auna inuwar sanda ɗaya kowace Asabar da azahar tun yanzu, yana rubutawa, ya ga tana gajarcewa da kansa kafin ranar ta zo. A sa masa hula, minti biyu ya isa, kuma kada ya kalli ranar.

Ummu Safiyya:
In ya fara son sama, ki nuna masa Rayyana Barnawi, wadda ta tafi tashar sararin samaniya a watan Mayu na 2023 tare da Ali Alƙarni. Binciken ƙwayoyin halitta ne aikinta. Safiyya har yau hotonta na manne a jikin kabad ɗinta.

Maman Hamza:
Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana huɗu. Kofin ƙanƙara mun yi. A littafinsa ya rubuta wai kofin ne ke yoyo. Da ruwa ya taru a baya sai ya ce ai ga shi, ya faɗa. Ban ce komai ba, don ni ma na fara shakka. Can sai ya tashi da kansa ya ɗauko Vimto ya zuba cikin ƙanƙarar, ya goge kofin, ya zauna ya zuba masa ido. Da ɗigon ya fito ya shafa da farin tishu, bai ga ja ba. Ya daɗe yana kallon tishun nan. Sannan ya ce, "Umma, ba daga ciki yake ba." Daga nan ne na buɗe masa PhET ɗin ƙwayoyin ruwa, sai da na ƙwace tablet ɗin da aka kira la'asar.

Yanzu roƙo yake aiko ni da shi. Ya sa kwalba a ƙarƙashin bututun mukayyif ɗinmu na awa ɗaya, ya yi alama da biro inda ruwan ya kai. Yana son wani a Jidda da wani a Riyad su yi haka su turo hoto.

Abu Usama:
Usama ya yi da daddare. Kwalbar ta cika har ta tumbatsa. Jidda ke nan, bakin teku.

Baban Tagwaye:
Tamu ko gindin kwalbar bai rufe ba. Tagwaye sun ce a sake, wai ba su yarda ba.

Maman Hamza:
Na nuna masa hotunan, ya yi tsalle. Amma yanzu ya dawo ya ce akwai matsala. Wai mukayyif ɗin su Usama ya ga kamar ya fi namu girma, kuma su da daddare suka yi, mu da rana, don haka bai san ko garin ne ya jawo bambancin ba ko injin.

Malam:
Allahu Akbar. Ki ce masa Malam ya ce yana da gaskiya, kuma shi zai tsara yadda za a sake. Kada kowa a zauren nan ya faɗa masa.

Maman Hamza:
Ya ce kowa ya nemo kofin shayi na gilas iri ɗaya, ƙanƙara guda biyar, a ajiye a waje cikin inuwa ba cikin ɗaki ba, ranar Asabar bayan sallar la'asar, minti goma. Maman Ikram, ya ce ko Ikram za ta yi na Jidda, tunda Usama ya riga ya yi nasa?

Maman Ikram:
Ga ta nan kusa da ni, ta tafi neman kofi tun yanzu. Tana tambaya ƙanƙarar manya ko ƙanana?