Dan Allah me za mu kira Stoicism da Hausa? Gobe zan naɗi shirin

Mai Shirin Asabar: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman taimakonku da gaggawa, gobe Juma'a bayan la'asar zan shiga situdiyo in naɗi shirina na safiyar Asabar, kuma maudu'in wannan makon shi ne falsafar nan ta mutanen Girka da Rum da ake kira Stoicism, wadda yanzu samarinmu suka tsinto a YouTube da TikTok, kowa sai ya sa hoton gunkin wani mai gemu ya rubuta kar ka damu da kowa. Ni so nake in yi bayaninta yadda take a asali, don akwai abin amfani a ciki ga mai fama da damuwa. Sunan ne ya tsaya min. Na rubuta "falsafar haƙuri" sai na ji ta yi kaɗan. Masu saurarona yawanci matan gida ne da 'yan kasuwa da direbobi, ba zai yiwu in yi ta nanata kalmar Turanci na minti 25 ba.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam Anti. Falsafar juriya mana, ko dauriya. Kowa zai gane.

Na Bakin Kasuwa: Ai tawakkali ne kawai aka sa masa rigar Turawa. Ki ce tawakkali ki huta.

Malamin Larabci: A'a ɗan'uwa, tawakkali kam kar a taɓa shi. Tawakkali dogaro ne ga Allah bayan ka yi sababi, kalma ce ta aƙida mai ma'anarta a wajenmu. Su waɗannan mutanen abin da suke kira ubangiji wani hankali ne da suka ce yana ratsa halitta duka, kamar shi da duniyar abu guda ne, kin ga kuwa in kika ce tawakkali a rediyo kin haɗa abin da bai haɗu ba kuma masu kiran waya za su taso miki. Larabawa sun daɗe da ba ta suna, Riwaƙiyya suke cewa, mabiyanta kuma Riwaƙiyyun. Dalili shi ne wanda ya kafa ta, Zeno, mutumin garin Kitiyom a tsibirin Saifurus, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) yana koyarwa ne a wata doguwar baranda mai ginshiƙai da zane-zane a bangonta, a bakin kasuwar birnin Atina. Barandar ita ce Stoa da Girkanci, ita ce riwaƙ da Larabci. Har Al-Kindi, masanin falsafa na Bagadaza, a risalarsa kan dabarar kore baƙin ciki ya kawo misalin matafiya a jirgin ruwa da suka sauka gaɓa suka shagala da tsince-tsince, misalin da asalinsa na Efiktetus ne, ɗaya daga cikin malaman wannan falsafa. Don haka ni Riwaƙiyya na zaɓa, tana da tarihi.

Bahaushen Asali: Toh ga shi nan an fara. Daga an ce a nemo kalmar Hausa sai a ruga Larabci, in ba a samu ba a ruga Turanci, kamar mu ba mu da baki. Allah ya gafarta Malam, da bakinka ka ce sunan daga baranda ya fito. Mu ba mu da rumfa ne? Rumfar kasuwa ce fa ka ce mutumin yake zama. Sunan ya fito da kansa: RUMFANCI. Mabiyanta 'yan Rumfanci. Gajere ne, Hausa ce tsantsa, yaro ma zai iya faɗa. Ƙanwata ki rubuta Rumfanci, na ba ki kyauta.

Ɗan Ƙofar Mata: Yaya wallahi in aka ce Rumfanci a rediyo a Kano kowa Sarki Muhammadu Rumfa zai tuna, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ga Gidan Rumfa ga Kwalejin Rumfa. Za a ɗauka tarihin masarauta za ta karanto.

Bahaushen Asali: Kano ce kaɗai ƙasar Hausa? Kalma ɗaya ba ta ɗaukar ma'ana biyu? In kun ƙi rumfa ai akwai zaure.

Uwar Biyu: Zauranci kuma ai ya yi kama da zaurance, wancan juya maganar da muke yi muna yara don kar manya su gane.

Bahaushen Asali: Shi ya sa na ce Rumfanci tun farko.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Mu nan Nijar wannan abin a lise, wato babbar sakandare, munka karanta shi, ajin ƙarshe da muke kira tarminal, don falsafa darasi ce da ake rubutawa a jarabawar bak ta gama sakandare. Sitoyisim muke cewa yadda Faransawa ke faɗi, kuma ko a hira tsakaninmu ba mu taɓa juya shi ba. Amma ina goyon bayan Yaya a abu guda, kullum in za a yanke kalma sai a ce mutanen Kano za su ji kaza, mu da ke Maraɗi da Damagaram da Tawa ba a tambayar yadda mu za mu ji, alhali rediyon nan har nan shina zuwa.

Ɗan Ƙofar Mata: Ba raini ba ne ɗan'uwa, daidaitacciyar Hausa ai a kan karin Kano aka gina ta, ba ni na yi ba.

Ɗan Maraɗi: Wannan maganar ita ce rainin.

Mai Shirin Asabar: Dan Allah 'yan'uwa a bar Kano da Maraɗi zuwa jibi, ni gobe ne nawa.

Ɗalibar Falsafa: Anti bari in ce wani abu kan haƙuri da juriya don ina ganin can ne haɗarin yake, ya fi na rumfa. A bakinmu yau haƙuri shi ne abin da ake ce wa wadda aka zalunta, ki yi haƙuri, wato ki haɗiye ki yi shiru zuciyarki na tafasa. Su kuma ba haɗiyewa suke koyarwa ba. Efiktetus, wanda bawa ne a Rum kafin a 'yanta shi, gurgu kuma, daga baya Sarki Domishiyan ya kori masana falsafa ya koma Nikofolis a Girka ya buɗe makaranta, abin da ɗan littafinsa ya fara da shi shi ne abubuwa kashi biyu ne, akwai na hannunka akwai waɗanda ba na hannunka ba. Na hannunka su ne ra'ayinka da niyyarka da abin da kake so da abin da kake ƙi. Jikinka da dukiyarka da sunanka a bakin mutane da muƙami, duk ba naka ba ne yadda kake zato. Sannan ya ce abin da ke tayar wa mutum da hankali shi ne hukuncin da zuciyarsa ta yanke a kan abin da ya faru, fiye da abin da ya farun. Kin ga aikin a nan gyara hukuncin ne tun daga tushe, ta yadda tafasar ma ba za ta taso ba balle a haɗiye ta. Mai juriya yana jin zafin ya cije, wannan kuwa tambayar kansa yake, shin abin nan sharri ne da gaske ko ni na sa masa wannan sunan.

Kuma ba mutanen naɗe hannu ba ne. Ginshiƙansu huɗu ne, hikima da jarumta da adalci da kamun kai, adalci na ciki fa, wato ba za ka ga ana cutar wani ka ce ba a hannuna yake ba. Markus Oreliyus sarkin daular Rum ne daga 161 zuwa 180, wani ɓangare na rubutunsa a sansanin yaƙi ya yi shi wajen kogin Danub, da Girkanci, kansa yake yi wa nasiha ba don a buga ba. Seneka kuwa attajiri ne kuma mashawarcin Sarki Nero, wanda daga baya a shekara ta 65 ya umarce shi ya kashe kansa. Bawa da sarki da attajiri duk a kan falsafa ɗaya. In kika ce falsafar haƙuri, matar da ke sauraro a kicin za ta ji an sake ce mata ta yi shiru ne, ni kuma abin da ba na so kenan wallahi, don ba shi suka ce ba.

Uwar Biyu: Gaskiya ƙanwata kin taɓa ni a nan. Na janye juriya.

Na Bakin Kasuwa: Toh mallakar zuciya fa?

Uwar Biyu: Wannan kamar sunan littafin soyayya, kuma mallaka a wajen mata ka san inda take zuwa.

Ɗalibar Falsafa: Ni "iko da zuciya" nake gani, don kalmar iko ta riƙo duka biyun, abin da kake da iko a kai da abin da ba ka da shi.

Bahaushen Asali: Duk wannan bayani ne, suna ake nema. Wa ya ce Bahaushe ba ya ƙirƙira? Jari-hujja fa? Gurguzu fa? Da waɗanda suka fara faɗinsu sun ji tsoro irin naku da yanzu kafitalizim muke cewa. Kowace kalma baƙuwa ce ranar farko. A ba Rumfanci wata shida a rediyo a gani in ba ta zauna ba. Ni abin da ke ci min rai shi ne 'yan boko sun fi jin daɗin kalma in ta yi ƙamshin Turanci, malamai kuma in ta yi ƙamshin Larabci, Hausa ita ce marainiya kullum.

Malamin Larabci: Ita kanta falsafa da muke ta faɗa tun ɗazu Larabci ce, Larabawa kuma daga Girkanci suka karɓo ta. Haƙiƙa ma rabin maganar da ka rubuta, kalma da wata da sauransu ka bincika asalinsu. Aro ba gazawa ba ne ga harshe.

Bahaushen Asali: Wata kam Hausa ce Malam, kar a ƙwace mana har da wata.

Malamin Larabci: Kalma dai nake nufi, ita Larabci ce.

Tsohon Edita: Kun gaisu. Na yi shekaru ina gyara labarai a ɗakin fassara, ga abin da na gani. Jari-hujja ta zauna ne don in ka ji ta ka ji abin da ake nufi, mai jari shi ne mai hujja. Rumfanci ko an cire maganar Sarki Rumfa ba ta gaya wa direba komai a kan zuciyarsa, dole sai an ba shi labarin barandar Atina, toh in dai sai an yi bayani ai gara a bar sunan da in yaro ya je intanet zai same shi. Riwaƙiyya ma haka, ɗaliban Larabci kaɗai za su gane, sauran za su zaci sabuwar ɗariƙa ce saboda wannan iyya ɗin ta ƙarshe. Dimokuraɗiyya ma aro ce kuma ba wanda ya ce ba tamu ba ce yau. 'Yata ki ce Sitoyikanci, mabiyanta Sitoyikawa, ki faɗe shi sau biyu ko uku a farko, sauran shirin ki yi ta tafiya da iko da zuciya da yarinyar nan ta kawo.

Ɗan Maraɗi: Sitoyikawa ya yi, ko mu nan za mu gane shi.

Malamin Larabci: Ban so ba amma maganar ɗariƙa gaskiya ce. Ki dai ambaci cewa Larabawa Riwaƙiyya suke ce mata, kuma ki faɗa a fili cewa aƙidarsu game da ubangiji da halatta kashe kai ba tamu ba ce.

Mai Shirin Asabar: Na gode ƙwarai Baba, na gode kowa. Ga yadda zan buɗe: "Yau za mu duba Sitoyikanci, falsafar iko da zuciya, wadda aka fara koyarwa a wata rumfa a bakin kasuwar Atina shekaru sama da 2,300 da suka wuce." Yaya ka ga rumfarka ta shiga. Malam zan faɗi Riwaƙiyya da maganar aƙida in sha Allah.

Bahaushen Asali: Rumfa ta shiga amma Rumfanci an bar ta a waje. Ba komai ƙanwata, Allah ya ba da sa'a, ni dai a rubutuna ita zan ci gaba da sawa.

Ɗalibar Falsafa: Anti saura ɗaya, akwai kalmarsu apatiya, halin da suke so mutum ya kai inda fushi da tsoro da kwaɗayi ba sa jan sa. Kar ki ce ko-in-kula, nan ne 'yan TikTok suka ɓata.

Uwar Biyu: Natsuwa?

Na Bakin Kasuwa: Dakewa ta fi.

Ɗalibar Falsafa: Dakewa a fuska take, su kuma ciki suke nufi. Natsuwa ta fi kusa amma ba ta kai ba.

Mai Shirin Asabar: Na sa natsuwa da fensir. Ƙarfe huɗu da rabi zan shiga, wanda ya samo wadda ta fi ta ya turo min kafin a sauko Juma'a.