Wane suna za mu sa wa na'urar da ke aiki a duniyar Mars?

Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Legas. Ina so mu tsayar da kalma ɗaya ga abin da Turawa ke kira rover, wato na'urar nan mai taya shida da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ke saukewa a duniyar Mars. Na ga wasunku sun riga sun kawo shawarwarinsu. Abin da ya dame ni shi ne, duk sanda aka tayar da maganar ko kwalliya na biyan kuɗin sabulu a harajin da Amurkawa ke zubawa, sunan da muka kira abin da shi ne ke yanke hukunci tun kafin a ji hujja.

"Roba" dai, wato rover a bakin Bahaushe, ba ta shiga lissafi, kowa zai ɗauka bokiti ake nufi.

Mutum-mutumi ne ya fi yawa a bakin mutane, ni kuma shi na fi ƙi. Abin ba kai, ba fuska, na baya-bayan nan mai suna Perseverance girmansa kamar ƙaramar mota, nauyinsa wajen tan ɗaya. Ka ce wa magidancin da ke fama da kuɗin haya a Agege an kashe dala biliyan 2.7 a kan mutum-mutumi, ai tsaki zai ja, kuma da gaskiyarsa, don ka nuna masa abin korar tsuntsu ne a gona. Saƙago ya fi dama, amma shi suna ne na jinsin baki ɗaya, har da na masana'antar haɗa motoci.

Malama daga Idi-Araba, na ga shawararki ta "motar Mars". Ta yi daɗin faɗa. Sai dai mota da direba aka san ta, wannan kuwa saƙo kan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya isa gare ta, gwargwadon nisan da ke tsakanin duniyoyin biyu a lokacin. Ba mai riƙe mata sitiyari. Ana tura mata umarnin yini, ita ke kauce wa duwatsu da kanta. Kumbo kuma shi ne ya kai ta, ba ita ba ce. "Mai yawo" a kunnen Bahaushe zargi ne.

Tawa shawarar: ɗan aiken samaniya. Jam'i, 'yan aiken samaniya, su zauna gefen 'yan sama jannati.

Alhaji na kasuwar Mile 12 zai gane ni. Kafin ka biya kuɗin tirela, yaro kake turawa Arewa ya dubo albasar, don tafiyarsa ta fi taka araha. Tura mutum samaniya na buƙatar iska, abinci, ruwa da hanyar dawowa. Shirin Apollo, wanda ya kai mutane duniyar wata, ya ci kusan dala biliyan 25 a kuɗin wancan zamani. Opportunity kuwa, ɗaya daga cikin waɗannan na'urori, ta sauka a Mars a 2004 da shirin aikin kwana 90, ba ta yi shiru ba sai 2018, bayan ta ci fiye da kilomita 45. 'Yar uwarta Curiosity, wadda ta sauka a 2012, ta gano cewa kwarin Gale da ke Mars ya taɓa zama tafki. Kasafin NASA duka bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kasafin gwamnatin Amurka ba. A ganina kuɗin ba su tafi a banza ba. Mu nan gida lissafinmu daban ne, taurarin ɗan'adam masu duba gonaki da ambaliya, irin NigeriaSat-1 da aka harba a 2003, su suka fi kusa da buƙatarmu.

Yaya, ka ce ɗan aike kan dawo, wannan kuma ba ya dawowa. Haka ne. Amma abin da aka aike shi ya samo yana dawowa: hotuna, awon ƙasa, har ƙarar iskar Mars da Perseverance ta naɗo bayan saukarta a Fabrairun 2021. Wanda ya kawo "manzo", don Allah a bar ta, kalmar tana da masu ita.

Ku gwada a jimla: "Indiya ta sauke ɗan aiken samaniyarta a duniyar wata a Agustan 2023." Saura na'urorin da ke kewaya irin waɗannan duniyoyi ba tare da sun sauka ba. Ni dai a bar musu kumbo, amma ina jiran masu aikin rediyo su faɗi nasu.