Inji na jefo ƙwallo ina dukan iska, ina gyaran yake?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai kejin buga besbol kusa da unguwarmu a Houston, irin wanda inji ke jefo ƙwallo kana bugawa da sanda. Don nishaɗi nake zuwa. Yawanci iska nake duka, in kuma na sami ƙwallon sai tafin hannuna ya ɗau raɗaɗi. Layin da injinsa ke jefo ƙwallo da gudun mil 70 a awa nake shiga, da hannun dama nake bugu. A taimaka da shawara.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, layin ne ya fi ƙarfinka. A filin wasa tsakanin mai jifa da mai bugu ƙafa 60 ne da inci 6, amma a keji da yawa injin ya fi haka kusa, don haka 70 ɗin can takan iso ka da wuri fiye da lissafinka. Koma layin 40 ko 45. Kada ka koma layin da ya fi wannan gudu sai kana samun bakwai cikin goma suna tafiya a miƙe.

Sannan ka kalli injin. In mai hannu ne, wanda ke ɗauko ƙwallo ya wurgo, to da hannun ya fara ɗagowa ka mayar da nauyinka kan ƙafar dama, ka yi ɗan taku da ta hagu kafin ƙwallon ya fito. In mai tayoyi ne, sa ido kan bakin da ƙwallon ke gangarowa. Masu jira su ga ƙwallo a iska sannan su motsa, kullum a makare suke.

Amsa ta biyu: Raɗaɗin nan daga inda ƙwallon ke taɓa sandar yake. Wurin da ya dace yana wajen inci 5 zuwa 7 daga kan sandar. In ya bugi can ƙarshe ko kusa da mariƙi, sandar za ta yi rawa, hannunka ya sha. Gwada tsayuwarka: miƙa sandar, kanta ya kai gefen waje na farantin da ke ƙasa, wato alamar da mai bugu ke tsayawa a gefenta. Riƙe ta da yatsu, ba tsakiyar tafi ba, hannun hagu a ƙasa, kuma kada ka matse. Safar hannu tana hana bororo.

Ƙwallon ma yana faɗa maka kuskurenka. In yana kaucewa dama, ka makara. In hagu, ka yi gaggawa. In yana tashi ya bugi ragar sama, kafaɗarka ta dama ce ke faɗuwa, sandar na shiga ta ƙarƙashinsa. Haɓarka ta fara a kafaɗar hagu ta ƙare a ta dama, kai kuwa ya tsaya cak. Ƙugu ne ke fara juyawa, hannuwa su biyo baya.

Amsa ta uku: Ɗan'uwa, kar ka sayi sanda mai tsada saboda keji. Ƙwallayen roba masu ramuka da ake zuba wa injin suna lalata ta. Ta alminiyam mai araha ta isa, inci 32, nauyi oza 29. Hular kwano dole ce, ɓangaren kunnen hagu a rufe, shi ne ke fuskantar injin. Ka huta minti biyu ko uku bayan kowane zagaye, don gajiya ce ke sa kafaɗa faɗuwa. Kuma kada ka taka kan farantin sai ka tabbatar injin ya tsaya, wani lokacin akwai saura ɗaya a ciki.