Arduino yana ɗaukewa duk lokacin da injin ruwa ya kama

Mai Koyo:
Assalamu alaikum. Ina haɗa wata 'yar na'ura da za ta riƙa kunna injin rijiyar burtsatse idan ruwan tanki ya yi ƙasa, ta kuma kashe shi idan ya cika. Na yi amfani da Arduino Uno (ɗan allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni), da ma'aunin nisa HC-SR04 a murfin tanki, da rile (makunnin da wutar lantarki ke sarrafawa) mai 5V wanda aka rubuta 10A a jikinsa. A kan tebur komai lafiya lau, amma da zarar na jona injin, mai ƙarfin doki ɗaya, sai allon ya ɗauke ya sake tashi daga farko. Idan ruwa ya kusa cika kuma, rilen ya dinga kamawa yana saki ke nan. Daga umarnin da na rubuta ne ko daga haɗin waya?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsaloli biyu ne, kuma ɗaukewar ba ta da alaƙa da rubutunka. Naɗin wayar da ke cikin irin wannan rile yana jan kusan 70mA, alhali ƙafa ɗaya ta ATmega328P, wato ƙwaƙwalwar da ke kan Arduino Uno, an fi so kada ta wuce 20mA. Idan rilen tsirara ne, sai ka sa masa transista, da dayod 1N4007 a kan naɗin domin ya shanye wutar da ke dawowa lokacin saki. Idan kuwa rilen ya zo a kan nasa ɗan allon da ke da fil na JD-VCC, cire ɗan gadar da ke kansa ka ba rilen wutarsa daban.

Babban abin dai shi ne injin. Doki ɗaya kusan 750W ne, amma a lokacin tashi injin lantarki yana jan ninkin-ba-ninkin abin da yake ci idan ya daidaita, kuma wancan 10A ba don irin wannan inji aka rubuta shi ba. Tartsatsin da ke tashi a bakin rilen shi ke rikita allon, daga baya ma bakin yana iya mannewa ya ƙi saki. Ka sayi kontakta, wato babban rile mai jure wuta mai yawa, ta ɗauki nauyin injin, rilen ya tsaya ga kunna kontaktar kawai, sannan ka nisanta wayoyin 230V daga na ma'aunin.

Mai Manhaja:
Kamawa da sakin kuwa aikin umarni ne. Da alama iyaka ɗaya ka sa, ruwan da ke zuba kuma yana kaɗawa, don haka awon yana hawa da sauka a daidai wurin. Ka ware iyaka biyu masu tazara, misali ya kunna a kashi 30 ya kashe a kashi 90. Ka riƙa ɗaukar awo biyar ko bakwai, ka jera su ka zaɓi na tsakiya, domin awo ɗaya mara kan gado yana ɓata matsakaici (wanda ake samu ta tarawa a raba) amma ba ya taɓa na tsakiya. Ka kuma yi amfani da millis(), umarnin da ke ƙirga lokaci, wajen hana injin sake tashi sai bayan 'yan mintoci.

Tsohon Mai Gyara:
Injiniya ya yi gaskiya, sai dai ni HC-SR04 ɗin ne ban yarda da shi ba. Ba a rufe yake ba, kuma baƙin tanki a cikin zafin Afrilu gumi yake yi a murfi, tsatsa ba za ta bar shi ya daɗe ba. Ma'aunin nisa JSN-SR04T ya fi jure laima, amma ba ya gane abin da ya matso ƙasa da kusan santimita 20, saboda haka a bar masa wannan tazarar. Ko wanne ka zaɓa, yaro, ka jera makunni mai yawo a kan ruwa cikin layin da ke kunna kontaktar, ta yadda ko allon ya daskare, tanki na cika injin zai tsaya.

Mai Koyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Baba, idan rijiyar ce ta janye injin yana ta juyawa babu ruwa fa?

Tsohon Mai Gyara:
Wannan Mai Manhaja zai taya ka: idan injin ya yi minti goma awon bai motsa ba, umarnin ya kashe shi, kada ya sake kunnawa sai an danna maɓalli da hannu.