Legas zuwa Cape Coast da mota, a taimaka da shawara

Baban Yara: Slm 'yan zaure. Hutun Disamba nake son ɗibar iyali a motata daga Legas mu bi gaɓar teku har Cape Coast a Gana, kwana shida gare ni, uwargida ta ce ita dai ta gaji da kallon teku a waya. Waɗanda suka san hanyar, ina ake tsayawa, ina ake kwana?

Ɗan Agege: Wslm Alhaji. Hanyar ba wani nisa gare ta ba, Legas zuwa Akra bai kai kilomita 500 ba, boda ce ke cin lokaci kuma uku ne, Seme, Hilakonji, sai Aflao. Ka haɗa takardunka tun a gida, fasfo na kowa har yaran, katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, takardun mota da inshorar ECOWAS da ake ce wa Brown Card, a boda kuma za su yi wa motar lesefase, wato takardar izinin shiga ƙasa da mota. Ka fita da asuba ka wuce Badagry kafin gari ya waye sosai.

Hajiya Babba: Ƙanina don Allah kar ka biye wa direbobi, su burinsu su isa ne kawai. Mu da muka je kuskuren da muka yi kenan, muka sheƙa Akra a yini ɗaya muka isa a galabaice ba abin da muka gani sai bayan tireloli. Daɗin tafiyar nan tsakanin Kwatano da Lome yake. Ka tsaya Ouidah ka kai yara bakin ruwa su ga Ƙofar Ba Dawowa inda a da ake loda bayi a jirgi, sannan ka kwana Grand-Popo, bishiyoyin kwakwa jere, masunta na jan koma suna waƙa da safe, wlh har yanzu ina tunawa. Amma fa kar yaro ya shiga ruwan, igiyar wurin tana ja, ba irin kogin da muka sani ba ne.

Ɗan Agege: Hajiya ai mun sha suka 😂 to ya ƙara da Ganvie, garin da ke kan tafkin Nokwe, a Kalabi kusa da Kwatano ake shiga kwalekwale.

Hajiya Babba: Da kwana shida? Rabin yini za ta cinye masa kuma ba kan hanya take ba. Ni dai in ni ce in bar ta sai wani zuwan.

Malamin Makaranta: Ƙaramin abu amma yana rikita mutane, da ka shiga Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya, Gana ma haka, a lura da lokacin sallah. Kuɗi kuma sefa a Benin da Togo, sidi a Gana. Gaɓar Togo gajera ce, kilomita hamsin da 'yan kai, ka ratsa Aneho ka ci abincin rana a Lome, bodar Aflao a bakin garin take.

Ɗan Nima: Baaba sannu da zuwa tun kafin ka zo, mu nan Ankara muke ce wa Akra. In ka haye gadar Volta a Sogakope saura kaɗan. Ka zo Nima da safe ka sha koko da ƙosai, ka ci waakye, shinkafa da wake ce amma da karan dafi ake dafa ta, Hausa za ka yi ta yi kamar kana Fagge. Juma'a kuma babban masallacin Kanda.

Baban Yara: Madalla, Allah ya saka. To daga Akra zuwa Cape Coast fa?

Ɗan Nima: Kusan kilomita 150 ne amma cunkoson Kasoa shi ne matsalar, sunan ma daga kasuwa ya samo asali, ka wuce ta da sassafe. Ka ba wa can kwana biyu, gidan bayi na Cape Coast da na Elmina wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, kusa suke da juna, washegari dajin Kakum, gadar igiya a saman bishiyoyi.

Hajiya Babba: Gadar nan ni a ƙasa na jira su, ka tambayi uwargida tukuna.

Baban Yara: Ta karanta, ta ce ita za ta fara hawa. Ɗan Nima zan biyo ka ta bayan fage kan masauki.