Kyanwar kogon Sin: ƙarama ce ko dai jaririya ce?

Ɗan Asawase: Salamu alaikum 'yan gida. Kun ga labarin nan? A wani kogo a ƙasar Sin, Hualongdong, an tono ƙashin wata kyanwar daji da irinta ya ƙare, ta yi wajen shekara 300,000 a ƙasa, a 2024 aka raɗa mata suna Prionailurus kurteni, wai dan ƙanƙanta za ta zauna a tafin hannu

Kawu: Wa alaikumus salam. Kai yaro, duka jikinta suka samu?

Ɗan Asawase: A'a Kawu, guntun muƙamuƙi ne da haƙora biyu

Kawu: To ka ji. Haƙori biyu kacal a ce an gano sabuwar dabba? Jaririyar mage ce ta mutu a rami, masana suna neman suna. Zo lungunmu a Aboabo in nuna maka irinta guda biyar bayan kicin

Mai nama: Kawu a gafarce ni amma nan ban bi ka ba. Ni in zan sayi akuya baki nake buɗewa, ba na jin maganar mai ita, haƙorin nono daban na girma daban, ko almajirina ya san wannan balle wanda aikinsa kenan dare da rana

Anti nas: Gaskiyarka. Mage haƙoranta na nono 26 ne, na girma 30, kuma turmi baya cikin na nono sam, sai daga baya yake fitowa. Ɗaya daga haƙoran nan biyu turmi ne, shi kuwa haƙori in ya fito ya fito kenan baya ƙara girma, so da shi ake kwatanta ta da na yanzu. Inda ni ban yarda ba shine zancen tafin hannun nan, 'yan jarida ne da ƙarin gishiri. An kwatanta ta da wata kyanwar daji mai ɗige-ɗige ta Indiya da Siri Lanka, ita kuma tana yin kilo 1 zuwa sama kaɗan

Mai nama: Kilo 1 kam na san shi Anti, kullum ina ɗora shi a sikeli, sai dai in tafin hannun Kawu ne 😂

Kawu: Ba ka da kunya. Na ji na haƙori, amma 300,000 ɗin nan wa ya ƙirga?

Ɗan Asawase: Duwatsun kogon ake aunawa Kawu, data na ya kusa ƙarewa, bayan isha'i zan turo