Taƙaitawa: ɗinkakkun kaya, kasuwa ko basira?

Ga abin da na tsinta daga maganganunmu kan ko tela mai ɗinka kayan sayarwa ya bi abin da kasuwa ke so ne, ko ya zuba basirarsa:

1. Kusan kowa ya yarda cewa a Garwa da ke arewacin Kamaru, gab da Sallah, kaftani da doguwar riga marasa hayaniya ne ke tashi. Sabon salo yakan daɗe a rataye har ƙura ta dusashe shi.

2. Gwanjo da kayan Sin sun karya farashi, tela kuwa ba ya gwajin sabon salo da shadda mai tsada.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce a ɗinka abin da ake saye kawai. Wasu suka ce a zuba basira a wuya da bakin hannu, a fara gwaji da ragowar atamfa. Ni ma nan na karkata.

4. Atamfar 8 ga Maris, wadda mata ke sawa don Ranar Mata ta Duniya, zanenta ɗaya, yanka ke bambanta teloli.